Hancin Kamfas

Kamfas na ɗaure igiyar takalmi a bakin gado, babbar 'yarsa na tsaye a ƙofa, ko kayan asibitin ba ta cire ba, tana gaya masa babu inda za shi shi kaɗai.

Sunan nan Kamfas fa ba wani ne ya sa masa ba, shi ya raɗa wa kansa, wai shi ne na'urar nan mai nuna gabas da yamma. Tsohon akawu ne. Shekara ashirin da shida, duk hutun shekara, shi da abokinsa sai su ɗauki sanda da gorar ruwa su shiga karkara a ƙafa, kwana huɗu, daga wannan gona zuwa waccan. Wai shi tun da yake bai taɓa ɓata ba. In sun zo mararraba sai ya tsaya ya ɗaga hanci sama kamar mai shinshinar miyar maƙwabta, ya nuna da sanda. Kuma abin haushin, sai ka ga nan ɗin ce.

Abokin masinja ne a ofishinsu, ya rasu wata uku da suka wuce. Kunkuru Kamfas yake ce masa, ko a wajen gaisuwar rasuwar bai fasa ba. Ya zauna gaban mutane yana ba da labari wai mamacin rago ne na ƙarshe. Mutumin da ke ɗaukar hutunsa sati guda kafin tafiya, wai don ya huta. Ka ji fa, hutu tun kafin gajiya. Duk da haka ranar farko ma ƙafarsa a kumbure take, yana ɗingishi a baya, hannu duk karce kamar ya yi dambe da kyanwa. Takalmi biyu yake kashewa kafin Kamfas ya kashe ɗaya. Ko karnukan ƙauye ba sa yi masa haushi, wai sun raina shi. Matar mamacin na jin komai daga bayan labule.

To yanzu shi ne zai maimaita hanyar bara shi kaɗai, a kwana biyu, don duniya ta san wa ke jan wa.

'Yar ta ga ba zai ji ba, sai ta sa sharaɗi. Za ta jira shi da mota a tashar da hanyar ta ɓulle, jibi da la'asar. In bai iso ba, sanda ta zama tata, yawo ya ƙare, sai zaman kujera a ƙofar gida. Ya yi dariya har da tari.

"Ke tun ba a haife ki ba nake karanta ƙasa."

Mararraba ta farko, ya tsaya ya ɗaga hancin. Shiru. Hanya biyu, kowacce fes, kowacce da sawun shanu. Bara ba haka take ba, ya tuna ɗayar a cushe take da ƙaya, ko akuya ba za ta bi ba. Ya tsine wa masu saran itace, ya bi dama. Dama ta kai shi bakin fadama, ya nutse har gwiwa, ya fito da takalmi ɗaya a hannu.

Ta biyu ma haka. Ta uku rassa uku gare ta, duk a share. Rana ta take, gora ta yi sauƙi, hancin nan sai gumi yake zubarwa. Ya wuce wata bishiya mai kogo, bayan awa guda ya sake wuce ta. Ya ce wa kansa ai bishiyoyi kama suke yi.

Washegari da hantsi wani manomi ya tsince shi zaune a kan kunya, ko rabin tafiyar yini ɗaya bai ci ba. Ya ba shi ruwa. Kamfas ya shanye, ya goge baki, ya fara bayani wai ba ɓata ya yi ba, mutanen yankin ne suka lalata hanyoyi, babu tsari, babu kula.

Manomin ya ƙura masa ido, can ya gane shi. Ya tambaye shi ina ɗayan, mai ɗingishin. Kamfas ya ce ya rasu, Allah Ya jiƙansa, ai da yana nan ma da sai ya goya shi.

Manomin ya yi addu'a, ya jingina fartanyarsa.

"Shi ya sa bana ban gan shi ba. Bara sati guda kafin ku wuce ya zo shi kaɗai, yana tambayarmu hanya, yana jan ƙaya da hannunsa yana toshe duk wadda ba ita ba. Ya ce haka yake yi duk inda za ku, wai abokinsa ba ya son a nuna masa."