Sakatar Waje

Kafinta ya kawo malamar da yake so ta ga ɗakin da ya gama shiryawa, yana fatan yau za ta ba shi amsa kan maganar aure. Ta yaba gadon daga nesa, amma ta tsaya cak a bakin ƙofa. Idonta na kan sakatar da ya kafa ta waje.

"Malama, shigo mana."

"Ba zan iya ba," ta ce a hankali. "Ina ƙarama, duk ran da na fasa kofi, kawuna kulle ni yake a ɗakin ajiya har yamma. Shekarata talatin, amma har yau in na ji ƙarar sakata, numfashina ɗaukewa yake."

Ya miƙo hannu kamar zai taɓa ta, sai ya janye. Ya ɗauko sukudireba, ya kwance sakatar, ya mayar da ita ta ciki, sannan ya fito waje.

"Ke za ki riƙa rufewa, ke za ki riƙa buɗewa. Nawa ƙwanƙwasawa ne."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta shiga, ta tura ƙofar. Ya ji sakatar ta shige.

Ya jingina goshinsa da katakon, ya ƙwanƙwasa sau ɗaya, ya tsaya yana jira.