Famfas ɗin Norifumi

Norifumi ya jawo ledar da ya ɓoye a bayan tsofaffin barguna. An farke ta, an kwashe kusan rabi.

Famfas ne na manya, tsohon yayi da aka daina yi tun yana firamare. A ƙungiyarsu ta intanet, inda masu sha'awar tara famfas ɗin manya ke ɓoye sunayensu, an sha taya shi da tsada saboda ba a taɓa buɗe shi ba. Ko matarsa ba ta sani ba. Yanzu wani a gidan ya gani. Da wane ido zai dubi mutane?

Sai ya ji gyaran murya. Mahaifinsa ne, tsohon direban jirgin ƙasa, ya dafa ƙofa, kansa a sunkuye.

"Baba, bari in yi maka bayani."

"Ba sai ka yi ba. Tun bazara fitsari ke kufce mini, na kasa gaya wa kowa. Ashe ka lura, ka sayo ka ajiye shiru don kada in ji kunya. Ka rufa mini asiri, ɗana."

Norifumi ya dubi ragowar famfas ɗin.

"Gobe zan ƙaro maka, Baba."