Dutsen Taimamar Inna

Kakata Inna tana da dutsen taimama, tsarabar mijinta daga ci-rani a Sakkwato. Wata la'asar a Getso, Kawu Sani, malamin kimiyya, ya juya dutsen, ya nuna mana zane a nannaɗe kamar dodon-koɗi.

Ya ce, "Inna, dabbar teku ce. Tun kafin zuwan ɗan Adam ta mutu ta zama dutse."

Inna ta dafe ƙirji. "Mushe? Sallolina fa?"

"Ai mushen ruwa ba najasa ba ne."

Ta shinshina dutsen, ta tuntsire da dariya har ɗankwalinta ya zame. "Ni da ban taɓa wuce Kano ba, ashe teku nake shafawa a fuska!"

Dutsen yana wurina yanzu. Ni ma nakan shinshina, amma man kaɗanyar hannunta nake ji.