Lambar da Ba Ta Rabuwa

Ni Ɗanjuma Kafinta ban taɓa zama a aji ba, amma na ga bayan kwalara biyu da ambaliya. Da rijiyoyin garinmu suka ƙafe, hukuma ta ba kowa lamba. Duk Juma'a akan kira adadi bi da bi, tun daga biyu, wanda lambarsa ta kasu da shi ba saura, mota ta kai shi inda ruwa yake. Matata Tabawa ta tafi ranar da aka kira bakwai.

Yau na koma ofishin hukuma.

"Baba, kai ne kuma?" in ji ma'aikaciyar.

"Duba min lambata, 'yata. Miliyan ɗaya da uku."

"Ai na gaya maka, irin taka ba ta rabuwa. A kasa ta biyu, a kasa ta ɗari, sai an sami saura."

"Kin ji ko! Duk layinmu wa ke da irinta?"

"Layinku ai kai kaɗai ka rage."

"To yaushe za a kira ni?"

"Sai ƙirga ta kai kanta. Yau muna arba'in da ɗaya."

Na gyara hulata, na ce ta rubuta wa Tabawa ta daina ajiye min tuwo.