Mutum Huɗu Kacal Suka Je Taron

Shekara goma sha ɗaya Inna Tela ta yi tana ɗinki a shago na uku a layin bayan kasuwa. Da keken ɗinkinta take ciyar da marayunta. Siyasa kuwa, ko a rediyo aka fara ta, sai ta kashe.

Wata safiya maƙwabcinta mai aski ya leƙo da takarda a hannu.

"Yaya, za a ba wani ɗan kwangila filin shagunanmu ya gina otal. Jibi za a ji ra'ayin jama'a a ofishin ƙaramar hukuma. Ki daure ki zo."

Ta zare allura daga bakinta, ta yi dariya. "Kai ma dai! Shugaban ƙaramar hukuma na da kujera, ɗan kwangila na da kuɗi, 'yan barandansu na da gora. Ni da me zan je, almakashi?"

"Mu sittin ne fa a layin nan."

"Ku je, Allah ya ba da sa'a. Kayan mutane na jirana."

Ashe kowa tunanin da ya yi ke nan. Mutum huɗu kacal suka je. Magatakarda ya dubi zauren wayam, ya rubuta cewa jama'a ba su da ja.

Bayan sati uku, da hantsi, katafila ta iso da rakiyar 'yan sanda. A lokacin Inna ta fita sayen zare. Ta dawo ta tarar da rufin shagonta a ƙasa, keken ya lanƙwashe a ƙarƙashin bulo, yadukan mutane sun yi kaca-kaca. A zangon karatun nan babbar 'yarta ta bar makaranta saboda rashin kuɗi.

Kwana biyu ba ta iya cin abinci ba. A na uku ta ɗaura ɗankwali, ta nufi gidan mai aski.

"Ƙanena, na yi wauta. Ba ni sunayen 'yan layinmu duka."

Gida gida ta bi su. Ta raka mata yankan katin zaɓe, ta sa ana karanta mata duk sanarwar da aka manna. Da aka taso da batun tashin masu kayan miya, ita ce a sahun gaban waɗanda suka cika ofishin ƙaramar hukuma. Shugaban ya leƙo ta taga, ya ga jama'a har bakin titi, ya janye takardar tashin.

Layinsu dai bai dawo ba. Har yau a zauren gida take ɗinki da keken aro.

Mai karatu, iko ba a ofis kaɗai yake ba. Halartar taro, yin tambaya da kaɗa ƙuri'a su ne ikon talaka. In ka bar naka a gida, za a yanke hukunci a kan abincinka ba ka nan.