Motar da Ta Goyi Bayan Matarsa

Wata Lahadi, a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, matarsa ta kayar da shi a gardamar mota a Jibiya.

Dillali ya shigo da ƙananan motoci biyu ta Maraɗi, 'yar Jamus da 'yar Japan, farashinsu kusan ɗaya. Shi mijin tsohon malamin makaranta ne, ya sha karatun mujallu, ya zaɓi 'yar Jamus don ƙarfin jiki.

Ta ce, "Malam, karatu ba ya zuba wa mota mai. Dubi wadda direbobin Maraɗi ke labta wa gero. Kayan gyaranta ko a ƙauyen Bugaje sai ka samu."

Ya sayi zaɓinta don ƙeta, yana jiran ranar da za ta mace musu a hanya.

Motar ba ta mace ba. Matar ce ta rasu, a shekara ta shida.

Har yau murza makulli ɗaya take tashi, mai kaɗan ya kai shi Katsina. Yakan dubi kujerar gefe ya yi murmushi. Shekara tara ke nan motar ta hana shi cewa, "Ai na gaya maki."