Gurbi Ɗaya a Gindin Tsamiya

Mutanen Koona sukan ce Galadima ruwan sanyi ne, ko gobara ya yi wa magana sai ta kwanta. Madawaki ya sha jin haka, kullum sai ya kau da kai. Shi ne ya goyo marigayi mai gari ranar da mahara suka ƙone garin, amma a fada bakin Galadima ake kallo.

A gindin tsamiyar da ake binne masu sarauta, gurbi ɗaya ya rage kusa da kabarin mai gari. Saboda gurbin nan Madawaki ya yi shekaru yana roƙon Allah ya riga Galadima mutuwa. Yau ga Galadima a makara. Nan ma ya sha gabansa.

Ya bi gawar, zuciyarsa na tafasa. Sai ya ga an wuce tsamiya, an nufi maƙabartar talakawa.

"Ina za ku da shi?"

Ɗan mamacin ya russuna. "Wasiyyarshi ce, baba. Ya ce gurbin can na wanda ya goyi mai gari ne. Shi da ya ruga ranar da aka ƙone garin, da wane ido zai kwanta wurin? Kowace damina shi ke zuwa ya nome maka ciyawar."

Madawaki ya tuna yadda yakan tarar da wurin fes, ya ce a ransa mutumin nan makwancinsa yake gyarawa.

Ya matsa, ya sa kafaɗa ƙarƙashin makarar, daidai kan mamacin.

"Galadima, ka yafe mini."